Nikita: fim ɗin da ya zo mana Luggere ta hanyar Garwa



Mu da muka tashi a Luggere, finafinan Indiya da na 'yan China muka sani. Na Faransa kuwa ta gabas ya shigo mana, kuma da dalili. A da Yola da Garwa ƙasa ɗaya ce a ƙarƙashin Lamiɗo, tun bayan da Modibbo Adama ya kafa Yola a 1841. A 1901 Turawan Ingila suka ci Yola, Jamusawa suka kama Garwa, sannan a yaƙin duniya na ɗaya Garwa ta faɗa hannun Faransa. Iyalan fatake irin namu da suka biyo Binuwai sai suka rabu biyu: jikokin wa a Jimeta suna Ingilishi, jikokin ƙane a Garwa suna Faransanci.

To, ɗan baffana na Garwa ne ya zo mana da kaset ɗin Nikita, ba a daɗe da raba Gongola a 1991 ba. Shi ne tafintanmu, fim na tafiya yana fassara mana.

Luc Besson ne ya shirya fim ɗin a 1990. Anne Parillaud ta fito a 'yar ƙwaya wadda ta harbe ɗan sanda. Hukuma ta sanar cewa ta mutu, har da kabarinta, alhali tana ɓoye ana koya mata kisa. Jeanne Moreau ce tsohuwar da ta koya mata kwalliya da murmushi. Duk wanda ya gani ba ya manta gidan abincin nan, inda mai horar da ita, Bob, ya miƙa mata kyauta a kwali, ta buɗe ta ga bindiga. Tagar da aka ce ta gudu ta ciki kuma ashe an toshe ta da bulo!

Amma wurin da ya fi tsaya mini shi ne Benis. Tana banɗaki ta saita bindiga ta taga, hawaye na zuba, saurayinta Marco yana bayan ƙofa yana yi mata hira, bai san komai ba. A nan ɗan baffana ya daina fassara, kuma ba wanda ya ce masa ya ci gaba. Yayata, wadda ta shigo don ta kore mu mu je mu kwanta, ita ma ta sami wuri ta zauna.

Amurkawa sun sake yin fim ɗin a 1993 da Bridget Fonda. Na gani, kuma na ji kowace kalma ba tafinta, amma wallahi bai kama ƙafar na farkon ba.

Kaset ɗin ya zaga gidaje a unguwa har na'urar wani maƙwabci ta cinye zaren. Ɗan baffana yana Garwa da jikokinsa, kuma duk haɗuwarmu sai ya tambaye ni kuɗin kaset ɗinsa.