Asalin Kalma: Lamba

"Lamba" aro ce daga kalmar Ingilishi "number". Bahaushe ya mayar da "n" ta zama "l", sannan ya faɗaɗa ma'anarta: lambar mota, lambar yabo, lambar waya.

A Matamaye ta jihar Damagaram, kusa da iyakar Najeriya, lambar waya kan ba masu tattara bayanai wahala. Ta Nijar alƙaluma 8 ce, ta Najeriya 11, kuma akwai 'yan kasuwar da ke riƙe da duka biyun. Fom ɗin intanet mai gurbi 8 kacal, in an saka lambar Najeriya, sai ya datse sauran alƙaluman ko ya ƙi adanawa. Masu tsara fom, ku tanadi zaɓin lambar ƙasa, 227 ta Nijar da 234 ta Najeriya, tun farko.