Daga Ƙaho Zuwa Allura

Kafin asibiti ya zo Birnin Kudu da Gwaram, mai sanyin gwiwa wanzami yake nema, a tsaga, a kafa ƙaho, a zuƙe mataccen jini. Shi ya sa allura ba ta yi mana baƙunta ba. Mun daɗe da yarda cewa maganin da ya huda fata ya fi na haɗiya.

Allurar cikin gwiwa kuwa likita Hollander ya fara ta a Amurka a 1951. Tana lafar da ciwo na 'yan makonni, amma binciken Boston na 2017 ya nuna maimaita ta duk wata uku yana rage guringuntsi. Ƙwayoyi irin su diclofenac kuma ciki da ƙoda suke taɓawa.

Har yau in an miƙa wa kakanninmu ƙwaya, tambayarsu ɗaya: "Babu allura?"