Ɗakin karatu

ɗakin karatu (suna, namiji, jam'i: ɗakunan karatu, ana kuma cewa laburare)

1. Gini ko ɗaki da ake ajiye littattafai, jaridu da mujallu bisa tsari domin mutane su zo su karanta ko su ara. Misali: Ta wuni a ɗakin karatu tana shirin jarrabawa.

2. ɗakin karatu na jama'a: wanda gwamnati ke ɗaukar nauyinsa, ƙofarsa kuma a buɗe take ga kowa, ɗalibi ne ko tela ko ɗan fansho, kamar Laburaren Murtala Muhammad da ke Kano. Mai son aro yakan yi rajista a ba shi kati, ya tafi gida da littafi, ya dawo da shi ranar da aka yanka masa. Amma aron littafi kaɗan ne daga cikin aikinsa. Yaron da gidansu ba wuta ba shiru nan yake samun tebur da kujera, mai neman aiki ya duba tallan guraben aiki a jarida, inda akwai kwamfuta kuma a shiga intanet. In an daina sayo sababbin littattafai, masu zuwa kan janye ƙafa, wurin ya zama ma'ajiyar ƙura. Tun 1949 UNESCO ta fitar da takardar manufofin irin wannan ɗakin karatu.

3. Ɗakin Karatu na Ƙasa: a Nijeriya an kafa shi a 1964. Doka ta wajabta wa masu ɗab'i su kai masa kwafin duk littafin da suka buga.

Duba kuma: littafi, aro, makaranta.