Kuɗin Ganin Likita: Yadda Masu Bincike Suka Sauya Ra'ayi

A shekarar 1978 wakilan ƙasashen duniya suka taru a Alma-Ata, cikin tsohuwar Tarayyar Sobiyet, suka yi alkawarin samar da lafiya ga kowa nan da shekarar 2000. Ba a cika shekara goma ba bashi ya yi wa ƙasashen Afirka katutu, magani ya yanke a asibitocin gwamnati. A 1987 Bankin Duniya ya ba da shawarar majinyaci ya riƙa biyan wani abu daga aljihunsa. A shekarar ce kuma ministocin lafiya na Afirka suka amince da Shirin Bamako: a sayar da magani a ƙananan asibitoci, a juya kuɗin a sayo wani.

Hujjar masana a lokacin ita ce kuɗin zai raya asibiti, kuma abin da aka samu kyauta ba a darajanta shi. Binciken da ya biyo baya ya nuna akasin haka. Abin da ake tarawa bai taka kara ya karya ba, talaka kuwa sai ya zauna gida har ciwo ya ci ƙarfinsa. Da Uganda ta soke kuɗin a 2001, masu zuwa asibiti suka ƙaru sosai. A Kenya, Jessica Cohen da Pascaline Dupas sun gano cewa ɗan farashi kaɗan kan gidan sauro yana korar masu juna biyu da yawa, kuma waɗanda suka saya ba su fi waɗanda aka ba kyauta amfani da shi ba. A 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kuɗin magani na jefa mutum miliyan 100 cikin talauci duk shekara.

Sai dai soke kuɗin ma bai kashe bakin tsanya ba. Nijar ta mayar da jinyar yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta a 2006, amma gwamnati ta riƙa jinkirta biyan asibitoci, magani ya sake yankewa. Daga nan hankalin masu bincike ya koma kan asusun da zai ɗauki nauyin. Tailan ta shigar da kusan kowa a 2002 da kuɗin haraji. Inshorar da Gana ta kafa a 2003 ita ma harajin kayan masarufi ne ƙashin bayanta.

Nijeriya ta bi wata hanyar daban. Shirin inshorar da ya fara aiki a 2005 ya fi amfanar ma'aikatan gwamnatin tarayya. Dokar 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya domin lafiya a matakin farko, ta 2022 kuma ta wajabta inshora ga kowa. Duk da haka, fiye da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa kan lafiya daga aljihun jama'a yake fitowa. Manomi da mai tireda ba su da albashin da za a yanka. Muddin ba a ce ga asusun da zai biya musu ba, dangin majinyaci ne za su ci gaba da sayar da akuya kafin a yi masa tiyata.