Dutsen Guga Mai Zakara: A Turai Kayan Tarihi, a Jega Kayan Aiki

A birnin Bukares na ƙasar Romaniya akwai gidan tarihin da ya tara duwatsun guga fiye da 30,000, an goge su tas an jera. A garin Eaton na jihar Kolorado ta Amurka kuma, wani tsohon malamin jami'a mai suna Lee Maxwell ya tara tsofaffin injinan wanki sama da 1,000, ya gyara da yawansu har suna juyawa. Da za a kai mai wanki da guga na Jega Bukares, dariya zai yi, don irin dutsen da aka killace can shi ya zuba wa garwashi yau da safe.

Amma kafin dutse, bugu aka sani. Jega gari ne na fatauci tun ƙarni na 19, lokacin da kasuwarta ta yi suna a ƙasar Gwandu, fatake na sauke tufafi da goro da gishiri. Inda ake cinikin rini kuwa, ba a rasa masu bugu. Wanki a gulbi ake yinsa, da sabulun salo, a shanya a kan yashi. Riga ta manya sai an kai ta mabuga: a yayyafa mata ruwa, a ninke, a ɗora bisa gungumen icce mai santsi, mutum biyu su zauna fuska da fuska suna saukar da mabugi bi da bi. In baƙar riga ce ko rawani, a barbaɗa shuni a ci gaba da duka har ta riƙa ɗaukar ido. Har gobe ana wannan sana'a a gefen marinar Ƙofar Mata a Kano, kuma duk wanda ya san shadda ya san ƙyallin bugu daban yake da na guga. Ni dai a wurina bugu ya fi.

Dutsen gawayi baƙo ne, tare da kayan kanti ya shigo. Sunansa ma abin lura ne: ƙarfe ne zalla, amma muka ce dutse. Akwati ne mai murfi, da ƙofofin iska a gefe, da mariƙin katako, sai ɗan makulli a goshi wanda akan ƙera da siffar zakara. Gwanin guga ba ya zuba kowane gawayi. Na ƙirya yake nema, irin na maƙera, saboda yana daɗewa da wuta. Zai yi fifita, ya kaɗa dutsen a iska, ya gwada zafinsa a kan tsumma kafin ya kusanci farar riga mai sitaci da bula. Tartsatsi ɗaya ya isa ya ɓata kayan sallah, ya ɓata zumunci.

Tun a 1882 Henry Seely ya yi rajistar dutsen guga na lantarki a New York, kamfanin Bendix kuma ya fito da injin wanki mai sarrafa kansa a 1937. A nan gida an kammala madatsar Kainji a 1968. Duk da haka na gawayin bai yi ritaya ba a Jega da Aliero da Maiyama, don shi ba ya jiran a kawo wuta.

Shi ya sa mai raya tsohon dutse a wurinmu maƙeri ne ko mai walda. Mariƙi ya ƙone, a sassaƙa sabo. Ƙusar murfi ta cinye, a sa wata. Gindi ya yi tsatsa, a dirje shi da yashi, a murza masa kyandir yana da zafi har ya koma sulɓi. Masu guga sun fi son tsofaffin, domin nauyinsu ke kwantar da shadda. Sababbin kuwa shafal suke.

Tsofaffin ne kuma ke ƙarewa. Idan tsohuwa ta rasu aka zo fitar da tarkacen ɗakinta, yara kan kira ɗan gwangwan. Shi ba ruwansa da shekarar da aka ƙera dutsen, ko rigar angon da ya taɓa gogewa. Zai rataya shi a sikeli, da zakaran da komai, ya biya kuɗin kilo.