Yadda ake zaɓar lens mai zum na ɗaukar hoton taron dare cikin rahusa

A Tambuwal da Kebbe, kamar sauran garuruwan kudancin Jihar Sakkwato, galibi da rana ake ɗaura aure, amma taron da ke biyo baya ba ya kankama sai zafi ya lafa. Walima da kamu da majalisin Maulidi da tafsirin watan azumi duk sukan kai bayan Magariba, a tsakar gida ko ƙarƙashin rumfa, inda hasken bai wuce ƙwan fitila biyu ko uku na janareta ko na sola ba. A nan ne ake gane ingancin kayan aikin mai hoto, domin idan hoton amarya ya fito dishi-dishi, ba a sake bikin don a gyara shi.

Ma'aikaci da ke haɗawa da sana'ar hoto a ƙarshen mako, da ɗan kasuwar da ke son saya wa ɗansa kayan sana'a, sukan zaci maganin duhu shi ne sabuwar kyamara. Sau da yawa matsalar tana ga lens ne, wato gilashin da ake ɗaurawa a gaban kyamara. Kuma abin lura a jikinsa shi ne lambar da ke bayan harafin f, ba nisan da yake iya jawowa ba.

Ma'anar lambobin

A jikin kowane lens mai zum akwai lambobi iri biyu. Na farko, kamar 18-55mm, yana nuna faɗin abin da zai ɗauka: ƙaramar lamba tana kwashe taro gaba ɗaya, babba tana jawo fuskar mutum kusa. Na biyu, kamar f/3.5-5.6, yana nuna girman ƙofar da haske ke bi. Gwargwadon ƙanƙantar wannan lamba, gwargwadon faɗin ƙofar.

Lens ɗin da akan haɗo da kyamara daga kamfani yawanci 18-55mm f/3.5-5.6 ne. Da zarar an jawo zuwa 55mm, ƙofar takan tsuke zuwa f/5.6. Lens mai f/2.8 kuwa yana shigar da haske ninki huɗu na wannan. Idan a wani tsakar gida f/5.6 ya tilasta wa kyamara ta buɗe ido na kashi ɗaya cikin 30 na daƙiƙa, f/2.8 zai ba ta damar ƙiftawa a kashi ɗaya cikin 125. A saurin farko, mai juya kai ko ɗaga hannu zai fito a shafe. A na biyu, zai fito tsaf. Ana iya ɗaga ISO don cike giɓin, sai dai a tsofaffin kyamarori hoton kan cika da ɗige-ɗige kamar an watsa masa yashi.

Don haka a nemi lens mai lamba guda ɗaya tak, f/2.8, wadda ba ta sauyawa daga farkon zum zuwa ƙarshensa. Irin su 18-200mm da 75-300mm suna burge mai saye da nisansu, kuma suna da amfani a hawan Sallah ko filin ƙwallo da rana, amma ƙofarsu takan tsuke zuwa f/5.6 ko f/6.3.

Waɗanda suka fi sauƙin kuɗi

Kyamarori irin su Canon 600D da 700D da Nikon D3200 da D5300 suna da ƙaramin farantin ɗaukar hoto da ake kira APS-C. Canon da Nikon duk sun ƙera musu 17-55mm f/2.8, amma da tsada. Kamfanonin Tamron da Sigma na Japan ne suka fito da masu rahusa.

Tamron 17-50mm f/2.8 ya fito a 2006. Ba shi da nauyi, hotonsa yana da kaifi, sai dai injin saitinsa yana da ƙara, abin da kan shiga cikin sauti idan ana ɗaukar bidiyo. A 2009 aka fitar da samfurinsa mai maganin rawar hannu. Sigma 17-50mm f/2.8 na 2010 shi ma yana da wannan na'ura, kuma saitinsa ya fi shiru. Duka biyun sun daɗe a kasuwa, shi ya sa na hannu suke samuwa da sauƙi.

Sigma 18-35mm f/1.8 na 2013 ya fi su haske da sama da ninki biyu, amma zum ɗinsa gajere ne, nauyinsa ya kai giram 810, kuɗinsa kuma ya fi yawa. Masu sabbin kyamarori marasa madubi, irin su Sony a6400, suna da Sigma 18-50mm f/2.8 na 2021 mai nauyin giram 290, ko Tamron 17-70mm f/2.8. Mai babbar kyamara irin Canon 6D ko Nikon D750 kuwa, waɗannan ba nasa ba ne; 28-75mm ko 24-70mm f/2.8 ya kamata ya nema.

Wanda kuɗinsa bai kai ba, zai iya riƙe lens ɗinsa na asali ya ƙara da maras zum, kamar 50mm f/1.8 na Canon ko 35mm f/1.8 na Nikon. Ƙafarsa ce za ta zama zum, amma haske zai wadace shi.

Kurakurai biyu

Na farko shi ne dogaro da maganin rawar hannu, wanda Canon ke kira IS, Nikon VR, Sigma OS, Tamron kuma VC. Rawar hannun mai hoto yake gyarawa, ba motsin wanda ake ɗauka ba. Yana taimakawa wajen hoton malami a zaune, amma ba zai tsayar da ƙawayen amarya masu rausaya ba.

Na biyu shi ne mahaɗa. Lens ɗin da aka ƙera wa Canon ba ya shiga Nikon, ko da sunansu da lambobinsu ɗaya ne. Haka kuma Nikon D3200 da D5300 da 'yan uwansu ba su da injin saiti a jikinsu, saboda haka tsohon lens da ba shi da nasa injin sai dai a saita shi da hannu.

Kafin a biya kuɗi

Farashi yana bin canjin Dala, don haka a tambayi wuri biyu ko uku, a Sakkwato ko Kano ko Legas. Idan na hannu ne, gani ya kori ji: mutum ya je da kyamararsa ya ɗaura. A haska tocila ta cikin gilashin. 'Yar ƙura ba ta hana aiki, amma zare-zare kamar yanar gizo-gizo fumfuna ce, hazo fari kuma lalacewa ce. A juya zum a ji ko yana cijewa. A gwada saiti a cikin ɗaki mai duhu, a f/2.8, a kuma faɗaɗa hoton a duba idon wanda aka ɗauka. Idan aike za a yi a mota, a yi yarjejeniyar mayarwa kafin a tura kuɗi.

Bayan saye, yanayin yankin yana da nasa sharaɗi. Ƙurar hunturu, musamman a hanyoyin ƙauyuka na wajen Kuchi ko Dogon Daji, tana shiga lens mai zum duk lokacin da ya miƙe ya koma. A guji sauya lens a fili, a hure ƙura da ɗan famfon roba kafin a goge, kada a yi amfani da bakin riga. Da damina kuma a ajiye shi a busasshen wuri, ba cikin jaka mai laima ba.

Filasha tana da ranarta, amma ba kowane majalisi ke son walƙiya ana tsaka da addu'a ba. Hausawa sun ce araha ba ta ado, sai dai a nan tsohon lens mai f/2.8 da aka gwada da kyau ya fi sabo dal mai f/5.6 amfani bayan faɗuwar rana.