Shekarar da Amai da Ciwon Ciki Suka Ruɗi Likitocin Zamfara

Duk ma'aikacin lafiyar da ya daɗe a ɗakin yara na asibitocin Gusau, Tsafe ko Bunguɗu ya san cewa cututtukan yara suna tafiya ne da lokaci. Bazara kan zo da sanƙarau da ƙyanda, damina ta kawo zazzaɓin cizon sauro da gudawa, tamowa kuma ta yi ƙamari a watannin da rumbuna suka yi ƙasa kafin kaka. Wannan sani shi ne jarin likita a wurin da kayan gwaji ba su wadata ba, domin da ganin yaro da kuma sanin watan da ake ciki zai iya hasashen abin da ke damunsa. A shekarar 2010 aka sami cutar da ta saɓa wa wannan lissafi, kuma yara sama da 400 sun rasu a dalilinta.

A watan Maris na shekarar, ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF da ke sa ido kan sanƙarau suka sami labarin yawan mace-macen yara a wasu ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Alamomin ba baƙi ba ne: amai, ciwon ciki, kasala, daga bisani jijjiga da suma. Aka ba da maganin zazzaɓin cizon sauro, aka ba da na sanƙarau, yaran suka ci gaba da mutuwa. Sai aka fara lura da wasu abubuwa da ke wajen ɗakin jinya. Ƙananan yara ne kusan kawai ke mutuwa, ƙauyukan da abin ya shafa duk masu aikin zinariya ne, har agwagin da aka saba gani a tsakar gida sun ɓace. Da aka aika jinin yaran gwaji a Turai, sakamako ya nuna gubar dalma mai yawan gaske.

Tushen abin yana cikin kasuwar duniya. Bayan rikicin tattalin arziki na 2008 farashin zinariya ya haura dala 1,000 a kan kowane oza, manoman yankin kuwa suka ga haƙar ma'adini ta fi noman gero riba. Sai dai dutsen da suke haƙowa yana ɗauke da dalma mai yawa, irin ma'adinin nan da Hausawa suka daɗe suna yin tozali da shi. Ana kawo dutsen cikin gida, a farfasa shi, a daka a turmi ko a niƙa a injin irin na niƙan hatsi, a shanya garin a inda yara ke rarrafe. Ƙurar ta bi ƙasa, ta bi hannu, ta shiga baki. Hanjin ƙaramin yaro yana tsotse dalma ninki huɗu zuwa biyar fiye da na babba, kuma yaron da ke fama da ƙarancin abinci ko ƙarancin sinadarin ƙarfe a jini ya fi kowa tsotsewa. Daga hanji gubar ke wucewa jini, ta kai ga ƙwaƙwalwa ta kumbura ta, shi ya sa ciwon da ya faro da amai yake ƙarewa da jijjiga.

A watan Mayu, masu bincike daga hukumar CDC ta Amurka da Hukumar Lafiya ta Duniya suka haɗu da jami'an lafiya na Najeriya suka bi gida-gida a Dareta da Yargalma. Cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu a shekara guda, wato ɗaya cikin kowane huɗu. Cikin rayayyun da aka gwada jininsu, kashi 97 cikin ɗari sun kai ma'aunin 45 ko fiye, matakin da likitoci ke fara ba da maganin fitar da gubar.

Maganin, wanda ake kira DMSA, yana kama dalma a jini ya fitar da ita ta fitsari, kuma MSF ta buɗe wuraren jinya a asibitocin Anka da Bukkuyum. Amma ba shi da amfani idan yaro zai koma gidan da ƙasarsa ke cike da guba. Don haka sai da aka kankare saman ƙasar gidaje da tituna, aka binne ta, aka zuba sabuwa, da taimakon Blacksmith Institute da kamfanin TerraGraphics. Bagega, wadda ta fi sauran ƙauyukan girma, ta jira har 2013 saboda jinkirin sakin kuɗi daga gwamnatin tarayya, sai bayan rahoton Human Rights Watch na 2012 da matsin lambar matasa a intanet aka fara aikin. Yaran da suka tsira kuwa, da yawansu sun tashi da raunin ƙwaƙwalwa wanda magani ba ya mayarwa.

Labarin bai tsaya nan ba. A 2015 irin wannan annoba ta kashe yara a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja. A Zamfara an haramta haƙar ma'adinai a 2019 saboda matsalar tsaro, aka ɗage haramcin a Disambar 2024, kuma a Afrilun 2025 aka sake jin rahoton gubar dalma, wannan karon a ƙaramar hukumar Bunguɗu, makwabciyar Gusau.

Abin da 2010 ta bari ga ɗakunan yara shi ne ƙarin tambaya ɗaya a kan waɗanda aka saba yi. Yaron da ya zo da amai, cushewar ciki da jijjiga, wanda maganin zazzaɓi bai yi masa aiki ba, ana bukatar a san sana'ar mahaifinsa, a kuma san abin da ake dakawa a turmin gidansu.